Hazon Morwenna

Morwenna Pascoe a gindin tsaunin garinmu aka haife ta, a bakin teku, kuma a nan ta tsufa tana soya kifi da dankali. Ni kuwa aikina riƙe birkin jirgin da ke hawa tsaunin. Taragu biyu ne a igiyar ƙarfe ɗaya. A cika tankin na sama da ruwa, nauyinsa ya sauko da shi, ya jawo na ƙasa.

Ba ta taɓa hawa ba. Jirgin da bazara yake aiki, lokacin da baƙi ke cika shagonta. Idan sanyi ya shigo ta samu sarari, mu kuma mun rufe. A jikin tagarta tana sayar da hotunan garin da aka ɗauka daga sama, kuma takan nuna wa baƙi rufin gidanta a ciki.

"Yaya Morwenna, yaushe za ki hau ki gan shi da idonki?" nakan tambaye ta.

"Ranar da ka koyi suya, Denzil. In shiga akwatin nan naka, kai kana gyangyaɗi a kan birki?"

Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi Ostareliya bai dawo ba. Daga baya idanunta suka fara dushewa. Kifi ya riƙa ƙonewa, ta rufe shagon. Likita ya ce abin ba ya gyaruwa.

Wata safiya a ƙarshen bazara sai ga ta da sanda, ta sa rigar zuwa coci.

"Kai tsoho, buɗe min. Ina so in ga rufin nan kafin a kashe min fitila."

Na zaunar da ita kusa da ni, na buga ƙararrawa. Ta ƙanƙame hannuna har muka kai.

Ranar garau take. Ana hango jiragen masunta, da gaɓar da ke can ƙetare, da jan rufinta. Na kai ta bakin shinge. Ta daɗe tana juya kai, tana ƙifta ido.

"Yau hazo ya yi yawa, ko?"

Wata baƙuwa da ke gefe ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai.

"Ya yi yawa, Yaya. Ko ni ba na ganin komai."

"Hazo da rana tana dukan fuskata? Ƙarya ma ba ka iya ba, balle suya." Ta juyo wajena. "To, ina gidan yake?"

Na kama yatsanta na nuna wajen. Ta bar shi a miƙe har hannun ya gaji.

Da muka sauko ta ce baɗi ma sake gwadawa. Baɗi ta zo, muka buɗe, ita kuwa tana gidan kula da tsofaffi a wani gari nesa da teku.