Hirar Geron da Ba da Ni Aka Yi Ba

Jiya na ji dariyar Yaya Bello, karon farko cikin shekara biyu, kuma ba ni na sa shi ba.

Tun da ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi, ni ke kula da shi. Har littafi gare ni, ina rubuta lokacin shan maganinsa da awannin barcinsa. Amsarsa gare ni ba ta wuce "to".

Na kai shi asibiti a Tambuwal. Malam Sanusi, nas ɗin masu wannan lalura, ya ja benci kusa da shi ya ce, "Malam Bello, ƙwari sun shiga rumbuna. Mi za ni yi?"

Yaya ya ɗago kai. "Da ɗanye kas sa geron ko? Kai dai allura kas sani." Ya yi dariya, ya shiga koya masa shanya.

Ina tsaye da littafina, ina kallon su. Sau ɗaya a wata nas ɗin yake ganinsa fa.

A waje na ce wa nas ɗin, "Ni ka wanke mai tufafi, amma kai yaka yi ma hira."

Ya ce, "Littafinka ka gaya min ko magani na aiki, kar ka bari. Amma yaushe rabon da ka tambaye shi abin da ya fi ka sani?"

Na duba shafukana. Tambayata kullum ɗaya ce: ka sha?

Yau na nemi shawararsa kan taki. Ya kalle ni ya ce, "Sanusi ya aiko ka?"

Masu jinyar 'yan uwa, ku ma kun taɓa kishin nas, ko ni kaɗai ne?