Hashimu, Wanda Ya Tumɓuke Ƙarfensa da Hannunsa

Idan ka kwana a Agiye, ka fito bayan sallar asuba ka bi hanyar bayan kasuwa, da wuya ka rasa ganin wani dogon tsoho mai ɗan ranƙwafawa, riƙe da buta, yana bin shuke-shukensa ɗaya bayan ɗaya. Malam Hashimu ke nan. Ragowar ruwan alwalarsa ba ya zuba a banza, sai a gindin ɗan gawo ko 'yar magarya da ya tayar a tsofaffin gwangwanayen tumatir. In ya gama ya sha kununsa, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida daidai lokacin wucewar 'yan lakol, wato makarantar boko. Ba ya kiran kowa. Su ne ke ratsowa, wannan da fara a tafin hannu, wancan da ganyen da tsutsa ta ci. Shi kuma ya zaro wani madubi mai ƙara girman abu, wanda mariƙinsa ya sha hannu har ya yi sheƙi, ya ce, "Duba da kanka, ka faɗa mini abin da ka gani." Malaman lakol sun gaji da ƙorafin yana sa musu yara makara, amma har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin hana shi.

Yaran yanzu sun ɗauka tsoho ne mai son surutu da yara. Ba su san cewa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata tashar binciken noma kusa da Maraɗi ba, yana gwada irin hatsi da na gyaɗa, yana bin diddigin abin da ke cinye amfanin gona. Yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yi shi mai shi yana ji da kunnensa.

A shekarun da Nijar ta karɓi mulkin kanta, Hashimu saurayi ne sabon fitowa daga karatu. Aikinsa a tasha yake, kuma ba wanda ya ce masa ya je ko'ina. Shi dai abin ya tsaya masa a rai: duk abin da suke ganowa yana ƙarewa ne a cikin buro, wato ofis, alhali 'ya'yan masu gonakin suna zaune a lakol suna haddace sunayen kogunan da ba za su taɓa sha ba. Don haka duk ranar hutunsa sai ya ɗaure jaka a bayan keke ya nufi ƙauyuka, daga Cadakori har Gazawa. A yashin ƙasar nan kuwa, rabin tafiyar keke ne ke ɗauke da shi, rabi shi ke ɗauke da keke. Ya nuna wa yara ƙwayar ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye hatsi, su ga ƙanƙantarta kamar ƙura. Ya sa su tona gindin gyaɗa su ga inda take ajiye 'ya'yanta.

A cikin makarantun da yake zuwa akwai ta Garin Labo, tsakanin Agiye da Gazawa. Rumfar zana ce kawai, da allo ɗaya, da malami ɗaya, wani saurayi mai saurin fushi da ake kira Mushe Surajo, don Mushe ake ce wa malamin lakol. Mutanen garin ba da son ransu suka ba da yara ba. A ganinsu lakol wuri ne da ake shiga da hannun noma a fito da hannun da ba ya iya riƙe hauya. Hashimu ya kawo wa makarantar ma'aunin ruwan sama: gwangwani mai baki kamar mazurari, a kan sandar ƙarfe. Ya kafa shi a fili gaban rumfa, ya koya wa yara yadda za su auna abin da ya taru in an yi ruwa, a aika wa tasha. Yara suka yi murna, manya suka yi shiru.

Sai damina ta yi jinkiri. Mutane sun riga sun yi binne, sun zuba irinsu a busasshiyar ƙasa suna jiran sama. Hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi har kaji su shige akurki, sai iska ta kwashe shi ya je ya zuba a Gazawa. An yi roƙon ruwa, shiru. Liman ya faɗa ya maimaita cewa ruwa na Allah ne, ba ƙarfen da ke riƙe shi. Amma wanda irinsa na ƙarshe ke cikin ƙasa, tsuntsaye da tururuwa na ci, ba ya jin wa'azi da kunne biyu. Magana ta fara daga bakin rijiya ta ƙare a ƙofar mai gari: tun da aka kafa abin nan mai buɗaɗɗen baki yana kallon sama, hadari ke kauce wa garin. Ruwa ba ya tsami banza. Rabo, sarkin noman garin, shi ya fara cire ɗiyarsa Asama'u daga lakol, sauran iyaye suka bi sahu. Rumfa ta zama wurin hutun awaki.

Ga shi kuma an sanar mai duba makarantu yana tafe kafin a tashi hutun damina. Dokar a fili take: makarantar da aka tarar ba yara, rufe ta za a yi, a kai malamin wani gari. Garin Labo kuma sai dai jikoki su ga lakol.

Surajo ya aika wa Hashimu saƙo ta bakin wani mai jakai. Da ya iso, ya tarar da malamin yana huci.

"Mu tafi wurin kumandan mai mulkin yankin nan ya turo dogaransa, gardi biyu," in ji Surajo. "Ma'aunin nan kayan gwamnati ne. Kowa ya taɓa shi a ɗaure shi, yara kuma a fito da su da bulala."

Hashimu ya san hakan zai yiwu, domin haka aka saba yi har jiya-jiyan nan. Ya san kuma cewa gaskiya tana gefensa, ga shi da jinin ƙuruciya, ransa na son ya tsaya gaban tsofaffin nan ya kwance musu yadda gajimare ke tafiya. Ya dubi rumfar da ba kowa, ya daɗe yana dubanta.

"Mushe," ya ce, "yaron da gardi ya kawo, jikinsa kaɗai zai zo. Tashi mu je ƙofar mai gari."

Dattawa na zaune a inuwa, mai gari Jibo a tsakiya. Hashimu ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa har ƙarshenta, ya tambayi gida da dabbobi da zafi. Rabo bai jira an ba shi dama ba.

"Yaro, ba mu ƙi ka ba. Amma tun da kunka kahwa ƙarhen ga, mi munka gani? Hadari shi zo bisa kanmu, shi dube shi, shi wuce. Iri na cikin ƙasa. In shi lalace, kai za ka ciyar da ɗiyanmu?"

"Ba ni iyawa, Baba."

"To a hidda shi."

"Yanzu kuwa," in ji Hashimu.

Waɗanda suka ga abin sun ce ba wanda ya yi zaton haka, har Rabo ya rasa inda zai ajiye sauran faɗan da ya tanada. Hashimu ya tashi, jama'a na biye, ya je gaban rumfa ya naɗe hannun riga. Shi ya kafa sandar, ya kuma kafa ta da kyau, don haka sai da ya yi gumi kafin ta fito. Ya saɓo ta a kafaɗa ya kai zauren mai gari ya jingine. Surajo ya juya baya don takaici. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma fa a ranar ya yi wa Hashimu ciwo, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Da aka koma aka zauna, sai ya ce, "Sarkin noma, ka bar ni da matsala. Wannan gwangwani shi ke faɗa wa yara ko ruwa ya isa shuka. Yanzu babu shi. Kai da me kake ganewa?"

Rabo ya yi dariyar da ta daɗe ba ta fito ba. "Ashe abin da kuka nema ke nan? Ai hannu na. Ka tona, ka sa hannu. In laima ta tsaya ga yatsu, ruwan ƙarya na, kada ka taɓa iri. In ta kai wuyan hannu, ɗauko sungumi."

"Ni ban iya ba, Mushe ma bai iya ba. A takardunmu babu shi. Ka zo ka koya wa yara."

"Ni? Cikin lakol?"

"Kai kuwa. Sai dai ba a koya wa rumfa, Baba. Awaki ne kawai a ciki."

Tsofaffi suka kwashe da dariya, mai gari ya ce ai an kama sarkin noma da igiyarsa. Ba wayo Hashimu ya yi masa ba, da gaske yake son sanin abin, kuma Rabo ya ga hakan a fuskarsa. Washegari da hantsi sai ga sarkin noma da hauya a kafaɗa, yana jan Asama'u da hannu. Wa zai riƙe ɗansa a gida alhali sarkin noma ne ke karantarwa? Kafin rana ta take, rumfa ta cika.

Ruwa dai bai zo ba. An cire ƙarfe, sama ta ci gaba da yin abin da ta ga dama, kwana da kwanaki. Kowa a garin ya lura, kowa ya kama bakinsa. Surajo ya so ya fita ya yi shela, Hashimu ya riƙe shi ya ce, "Sun gani. Kada ka sa su ji kunya, mai jin kunya ba ya dawowa." A kwanakin nan Rabo ya koya wa yara karanta zubar ganyen gawo, da zuwan shamuwa, da juyawar iska. Hashimu na zaune a ƙasa cikin yara yana tambaya kamar ɗayansu.

Ranar da ruwa ya sauka, da safe Rabo ya kwashe makarantar gaba ɗaya zuwa gona. Suka tona a jigawa, suka tona a fadama, yara suka ga zurfin laimar ba ɗaya ba ne, suka fara gardamar dalili. A cikin wannan hali mai duba makarantu ya iso. Ya tarar da rumfa wayam, har ya fara ɓata fuska, sai aka nuna masa gona. Can ya ga yara da hannuwa dumu-dumu da ƙasa, tsoho na bayani, malami na mayar da yatsu da taƙi zuwa lissafi a kan allon da suka ɗauko. Ya ƙirga yara, ya sha ruwa, ya tafi. Ba a rufe lakol ba.

Hashimu kuwa ya sha faɗa a wurin aiki. Shugabansa ya ce wai ya tumɓuke kayan gwamnati don tsoron tsofaffi, ya bar tasha ba labarin ruwan Garin Labo na damina guda, aka kuma rubuta masa gargaɗi. Bai yi musu ba. Ma'aunin ya daɗe a zauren Jibo, kaji na ƙwai a bayansa, har wata shekara gardama ta kaure tsakanin mai gari da sarkin noma a kan ko ruwan bana ya kai na bara, Rabo da bakinsa ya ce a ɗauko gwangwanin nan ya raba su.

Malam Hashimu, kai ne ka san gaskiya tana hannunka amma ba ka doki kowa da ita ba. Kai ne mai ilimin da ya zauna a ƙasa ya ce wa manomi, koya mini. Ba titi da sunanka, ba a taɓa rataya maka lambar yabo ba, amma daga Gidan Rumji zuwa Gazawa akwai malamai da likitocin dabbobi da manoma masu furfura da suka fara duban duniya ta cikin madubinka. Dogo na gaban yara, muna godiya, kuma godiyarmu ba ta kai aikinka ba.

Ku kuma masu bincike na yau, da kuke da motoci da na'urori waɗanda shi bai taɓa mafarkinsu ba, akwai lakol kusa da ku da ba a taɓa ganin irinku a cikinta ba. Ku je. In kun je ku fara da gaisuwa, ku tambayi dattawan garin abin da suka sani kafin ku buɗe jakarku.

Asama'u, ɗiyar sarkin noma, ta yi karatu ta zama malama, ta dawo ta shugabanci makarantar Garin Labo har ta yi ritaya. Yanzu ajujuwan gini ne, yara ba sa ƙirguwa da ido. Ita ta ba mu yawancin labarin nan, jikarta na barci a cinyarta. Da muka tambaye ta me za mu faɗa wa Malam Hashimu, sai idonta ya kawo ruwa.

"Ku ce mishi na gode," ta ce. "Da ya kira gardi ran nan, da ƙarhen ya tsaya. Mu kau da mun tahi ke nan, ba mu ba lakol."

Allah ya ƙara maka lafiya, Malam, ya saka maka da alherin da mu ba mu iya biya.