Usur ɗin Istifanus

Zargi mugun ciwo ne, kuma a Ƙofar Dumi mun ga wanda ya kama har ya kayar. Zan zo kansa. Amma ba dominsa na yi wannan rubutu ba. Domin Istifanus ne, kafintan En'e, wanda ciwon gwiwa ya sa bana ya ajiye koya wa yaranmu ƙwallo.

Tun cikin shekarar hamsin da biyu muke ganinsa. Ya tashi daga aiki, ya bari a sallame la'asar, sai ga shi a kan keke, ƙwallon fata ɗaure a baya, usur rataye a wuya. Kafin yara su taru ya tsince ƙaya a filin bayan ganuwa, don ba mai takalmi a cikinsu. Ladan na gyaran murya don magariba, shi kuma ya tashi wasa.

Ni ba na saurin yabo. Baƙo, Kirista daga wajen Bogoro, ya tara 'ya'yan mutane kullum ba wanda ya sa shi, ai dole a sa ido. Mun sa kuwa. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ba ya duka. Yaran da bulalar uba da ta malam suka gaji da su, sai ka gan su gabansa sun yi laƙwas. Da me yake riƙe su?

Ga abin da idona ya gani. Yaro ko bai iya komai ba, sai ya nemo abu guda ya yaba masa a gaban 'yan'uwansa. Wanda kuwa ya yi zagi ko ya kai naushi, ba a korarsa. Washegari ba zai taɓa ƙwallo ba, za a rataya masa usur, shi ne alƙalin wasa. Ya sha ihu ta ko'ina: "Makaho ne kai?" "Son kai!" In an tashi Istifanus ya ja shi gefe ya ce, "To, yaya ka ji?" Shi ke nan hukuncin.

Akwai Mijinyawa baduku, wanda ke ɗinke musu ƙwallo in ta fashe. Ɗansa Babayo ya fi kowa ƙafa, ya kuma fi kowa zuciya. Ana saura 'yan makonni a karɓi mulkin kai, Babayo ya fasa wa wani yaro baki, aka ba shi usur. Ya koma gida a natse, har ya je da ƙafarsa ya ba yaron haƙuri. Maimakon uban ya gode wa Allah, sai hankalinsa ya tashi. Ya bi rumfa-rumfa yana cewa an jiƙa usur ɗin da magani, duk yaron da ya sa a baki an gama da shi, gobe sai dai a gan shi a mishan. Magana ta yi ƙarfi, iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Mai unguwa ya kira zama a ƙofar gidansa, ya ce in aka samu magani a usur ɗin, an rufe fili, Istifanus kuma ya bar unguwar.

Mijinyawa ya ce, "Ranka ya daɗe, girgiza ka ji. Mene ne ke motsi a ciki? Ni na haifi yaron nan, na san shi. Babayo ya ba da haƙuri? Haka kawai?"

Istifanus ya cire usur daga wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, a soja aka ba ni, da shi na je yaƙin Bama na dawo. Amma in fasa shi zai sa iyaye su yi barci, a fasa."

Mika'ilu maƙeri ya ɗora shi a kan dutse ya sauke guduma. Wani ɗan dunƙule kamar ƙwayar gujiya ya gangaro. Mika'ilu ya shinshina, ya ciza, ya tofar. Ya ce, "Toshiyar kwalba ce. Mijinyawa, wannan ko akuyarka ba za ta riƙe ba, balle Babayo." Aka kwashe da dariya. Mijinyawa bai yi ba. Ya ce, "Ai an cire na ainihin tun a gida." Ya rantse ɗansa ba zai sake taka filin ba.

Kai kuwa Istifanus, ba ka kai ƙara ba, ba ka ce a biya ka ba. Ka tsince ƙarafan ka zuba a aljihu, washegari ka fito kana busa da yatsu. A makon bikin mulkin kai yaranka suka kara da na Ƙofar Wambai. An ci mu, don babu Babayo a gaba, yana can kan ganuwa yana kallo. Wani ya kwashe wa yaronmu ƙafa, manya suka miƙe za su shiga fili, yaran suka tare mu da kansu. Kowannensu ya taɓa riƙe usur, ya san nauyinsa. Kai ne ka koya musu abin da bulalarmu ta kasa. Mun gode, Allah ya ba gwiwarka lafiya. Ku kuma samarin da za ku karɓi filin, kada ku kawo mana tsumagiya. Ku je ku zauna gaban Istifanus tun yana iya magana.

Saura Mijinyawa. Ɗinkin ƙwallo ya koma hannun wani baduku. Mai unguwa ya daina kiransa shawara. Babayo bai kai ƙarshen shekarar a gida ba, ya hau motar Jos ya tafi haƙar kuza, har yau bai dawo ba. A watan jiya direba ya zo da saƙonsa: sabon usur, naɗe cikin ƙyalle, na Istifanus. Mijinyawa ya tare direban ya ce, "Ni fa?"

Direba ya ce, "Ya ce a gaishe ka."