Bajon Alhaji Sabo da Yatsan Inna

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Alhaji Sabo, amma har yau in na bi ta unguwar Al Buteen a Dubai sai na waiwayi ƙofar tsohon ofishinsa, kamar zai ƙwala mini kira in zo in ga sabon tarkace. Tarkace nake ce musu don in tsokane shi. Shi kuwa bajo yake kiransu, ƙananan tambarin tagullan nan da sojojin Ingila ke maƙalawa a goshin hula.

Maƙwabtan ofis muke, dukanmu Kanawa. Shi kayan gyaran mota yake lodawa daga Ras Al Khor, ni yadi. Mutane na zuwa Dubai neman zinare, abokina yana bin shagunan tsofaffin kaya yana neman tagulla mai tsatsa. Na yi masa dariya har na ƙoshi kafin in san dalili.

Ashe mahaifinsa soja ne zamanin Turawa, bajon hularsa mai hoton bishiyar kwakwa. Bayan rasuwar tsohon, gobara ta ci ɗakin Inna, mahaifiyar Alhaji, bajon ya tafi. Ba ta yi kukan tufafi ba, nasa ta yi. Alhaji ya yi mata alkawarin samo irinsa, neman wannan ɗayan ne ya ja shi tara sauran. Ga Inna ta tsufa tukuf, idonta ma ya tafi.

A wajen neman ya zama gwani. In aka miƙa masa bajo, baya yake fara juyawa. Na asali buga shi aka yi, zanen gaban ya fito tsaf ta baya. Jabu kuwa zubi ne, bayansa cike da ƙananan ramuka kamar fuskar waina. Dokarsa ɗaya: ba a goge tsohon bajo. Na taɓa kai hannun riga kan wani, ya daka mini tsawar da ban manta ba.

Wata rana wani mai shago ya fito mana da mai bishiyar kwakwa, fes da shi, yana ta "asli, habibi, asli". Alhaji ya juya bayan, ya mayar masa. Muna fita na ce, "Haba Alhaji, Inna fa ba ta gani. Kai mata wannan, shi ke nan, hankalinta ya kwanta."

Ya ce, "Ai ba da ido za ta duba ba, Malam Garba. Ita ke goge wa Baba shi da toka da lemun tsami duk ranar fareti. Babban yatsanta ya fi gilashina gani."

Na ji haushinsa ƙwarai. Tsorona kada tsohuwa ta cika yana nan yana juya tagulla.

Allah bai nufa haka ba. Aka aiko masa da wani daga Ingila, na asali, amma ya sha guga har ganyen bishiyar sun shafe, shi ya sa masu tarawa suka raina shi. Ina Kano lokacin da ya kawo, a gabana ya sa mata a tafin hannu. Ta daɗe tana murza shi da yatsa, sannan ta ce, "Ba na Malam ba ne. Amma mai wannan ma ya yi dacen mata." Sai ta ce a kawo mata toka. Alhajin da ya kusa cinye ni kan hannun riga, shi da kansa ya tashi ya nufi murhu. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

Yanzu ta waya ake cinikin bajo, a turo maka hoton gaba yana walƙiya, ka saya. Da yana nan na san abin da zai ce: a juyo baya. Nakan tuna shi ko a kan dilar yadi, in sa a kwance in ga ciki.

Da ya rasu, iyalinsa suka miƙa sauran bajon ga masu sha'awarsu. Wannan ɗayan suka riƙe, yana hannun 'yarsa Hajara. Inna ta yi ta gugarsa har ƙarshen ranta, bishiyar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya, ba mai tarawar da zai ko kalle shi. Hajara ta ce mini duk Juma'a takan ɗebo toka. Allah Ya jiƙan Alhaji Sabo, Ya jiƙan Inna.