Arzika da Makarantar Bayan Katanga

Arzika mai facin taya ba haifaffen Ƙofar Marke ba ne. Manomin gero ne daga wani ƙauye a gabashin jihar Sakkwato. Ya baro gonarsa ne bayan 'yan bindiga sun tare hanyar kasuwa, suka tafi da babban ɗansa Abdulshakur, wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya kwaso matarsa da 'yar autarsa Zakiyya, ya kama hayar ɗaki a wannan unguwa ta birnin Sakkwato, ya koyi faci a hannun wani ɗan garinsu.

Tun daga lokacin ba ya iya barin Zakiyya ta yi nisa da idonsa. Ko aikenta aka yi sayen gishiri, sai ya ajiye tayar da ke hannunsa ya tsaya bakin titi har ta dawo. Shekarunta sun kai na shiga aji, amma makarantar gwamnati tana can hayin babban titi, inda tireloli da 'yan kabu-kabu ke wucewa ba sassauci.

Ana nan sai wata ƙungiya ta gina makaranta ta kyauta, katangarta manne da gidan da yake haya. Arzika ya yi murna, har ya ji cewa guraben kaɗan ne, kuma ƙuri'a za a jefa tsakanin yaran gari baki ɗaya. Mutanen unguwa suka ce ba su yarda ba, dole a fara da maƙwabta. Aka kira taro bayan la'asar.

A wurin taron, Hajiya Hindu, wadda ta taso takanas daga Kwalkwalawa, ta ce, "Mu da ba a gina muna komi ba, laifin ɗiyanmu mi ne? Don ba mu da gida cikin birni?"

Wani dattijo ya amsa mata cewa su za su sha hayaniya da cunkoso, don haka 'ya'yan unguwa na asali su ne kan gaba. Kalmar "asali" ta tsaya wa Arzika a rai. Shi da ya zo neman a fifita maƙwabta, sai ga shi ana shirin fitar da shi daga cikinsu. Bai taɓa magana a taron birni ba, yana gudun a ce baƙo ya cika baki, mai gida ya ba shi sallama. Duk da haka ya miƙe.

"Allah shi gafarta Malam," ya ce wa Malam Siddiƙu, shugaban kwamitin makarantar. "Ni ɗan haya ne. Ɗana guda ya fita da safe bai komo ba. Wagga ɗiya ita kaɗai ta rage min. In tana nan, ina jin muryarta daga wurin aikina."

Malam Siddiƙu ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce za a raba guraben biyu, rabi na maƙwabta, rabi na sauran gari, kuma duk mai kwana a unguwar maƙwabci ne, ko da haya yake.

Sai dai yaran unguwar ma sun fi guraben yawa, aka jefa musu tasu ƙuri'ar. Ba ta faɗa kan Zakiyya ba.

Arzika ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ya so ya bar ta a gida, uwarta ta ce ba za ta zauna ba karatu ba. Daga ƙarshe ya sa ta a makarantar gwamnatin. Kullum da safe yana riƙe da hannunta gam har su tsallake titi, da azahar kuma ya rufe rumfarsa ya je ɗaukarta. Masu babur da yawa sun koma wajen wani mai facin saboda rashin samunsa. Malam Siddiƙu ya ce masa ya sake gwadawa baɗi, Arzika ya ce in Allah ya kai mu.