Garwashin Iya a Ɗakin Jarrabawa

A gidanmu na Zuba, kakata Iya ba ta fara tatsuniya sai mun hura mata wuta. Bayan magariba takan zauna kan buhun lemon da bai sayu ba, ta nuna murhu da haɓa. Ni kullum gaggawa nake yi, toka ta cika mini ido.

"Maigidana, da wannan hucin za ka riƙe ni?" in ji ta. "Ja ta hanci. Sake ta kamar kana rowarta."

Sannan ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta iso mu ji. Ta fi maimaita ta 'yan mata biyu da aka aika ɗebo wuta a hayin rafi. Ta fari ta kife garwashinta da kasko don kada iska ta taɓa shi, ta iso da gawayi. Ta biyu ta bar nata a buɗe, tana tafe tana hurawa a hankali. Ta makara, amma a gidansu aka ci tuwo.

Bara numfashina ya sarƙe a ɗakin jarrabawa, na fita ban rubuta komai ba. Bana in na sake faɗuwa, jami'a za ta sallame ni. Ma'aikaciyar jinya a asibitin makaranta ta ba ni abu biyu in gwada: gilashin da ake ɗaurawa a ido, da manhajar waya mai koyar da numfashi. Na buɗe musu littafi, ina rubuta abin da na ji.

Gilashin yana kai ni bakin wani teku, ƙirjina ya saki nan take. Amma da na cire shi sai jiri, ga layin masu jira. Wayar kuwa tana bi na har cikin motar Kubwa, sai dai muryarta na cewa in saki jiki, kwandasta na cewa in matsa. Na gaji da duka biyun.

"Wanne ya fi?" ma'aikaciyar jinyar ta tambaye ni.

"Sista, da wanne ake bari a shiga jarrabawa?"

"Babu ko ɗaya."

Ranar jarrabawa, na ajiye wayata a ƙofa. Da takarda ta zo, ƙirjina ya ɗaure. Na buɗe tafin hannuna a ƙarƙashin tebur, na ja ta hanci, na saki da rowa, har rubutun ya daina rawa. Ni na fita ƙarshe, amma na amsa duka.

Da ina yaro na ɗauka wuta Iya take so mu hura mata. Ashe tana da ashana a ɗaurin zaninta.