Wurin da Torvald Ya Bari

Yayana Torvald direban bas ne a Östersund ta ƙasar Sweden har ya yi ritaya, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka makaɗi. Ba ƙarya yake yi ba, rabin zancen ne kawai yake haɗiyewa.

A farkon shekarun 1970 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗa a tsohon ɗakin shanun kakanmu. Duk sun tara gashi har kafaɗa. Waƙoƙin ƙauye na dā suke ɗauka su cuɗa da kukan jita, kiɗa ɗaya su yi ta jan sa har kofi ya huce. Torvald ne a kan ogan, abin kiɗan nan mai lantarki mai kama da piyano, kuma ya iya, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ƙungiyar ba ta da shugaba. Komai sai an zauna an yi da'ira, kowa ya faɗi ra'ayinsa, kuma abin da mutum ya yanke a kan kansa ba mai ja masa.

Sai Majken mai busa sarewa ta kawo wani ɗan birni, Ebbe, wai ya riƙa taya su ɗaukar kaya. Ran da Ebbe ya taɓa ogan ɗin da wasa, kowa ya bar abin da yake yi ya juyo. Tun daga ranar kishi ya hana yayana sakat. Yatsun Ebbe sun cika tsawo, dariyarsa ta yi yawa, hatta yadda yake shafa man shanu a burodi haushi yake ba shi.

Ana gab da tafiya Stockholm ɗaukar faifansu na farko aka yi zama, ina wurin ina zuba kofi. Torvald ya gyara murya ya ce in ƙungiya ta ga hakan zai fi mata, shi zai iya matsawa Ebbe ya hau ogan. Ni da na san shi tun ina rarrafe da wandon ulu, na san so yake a roƙe shi ya zauna, a gaban Ebbe. Kowa ya sunkuya yana kallon safar ƙafarsa.

"Ka yi halin girma, Torvald," in ji Majken. "Mun gode."

Suka ɗaga hannu. Shi ma, da yake ba ya iya janye magana a gaban mutane, ya ɗaga nasa.

Faifan ya fito, ya karɓu. Torvald ya ce ba zai saurara ba, amma a gareji yake kulle kansa da shi, ya fito yana lissafa mini kurakuran Ebbe. Da shekaru suka ja, samari daga Japan da Amurka suka fara shiga bas ɗinsa suna tambayar ɗakin shanun da aka kafa ƙungiyar. Sai ya sauke su tun da sauran tafiya mai nisa, su ƙarasa a ƙasa cikin laka.

Bara da rani aka shirya ƙungiyar ta sake haɗuwa a filin shaƙatawa na gari. Ebbe ya zo gidan Torvald da kansa, ya ɗora hannayensa a kan tebur. Sanyin ƙashi ya nannaɗe yatsun nan, ko kunnen kofi ba ya iya riƙewa.

"Tsohon direba, har yanzu kana taɓawa?"

"Na fi ka, ko kana da yatsu."

"To zo ka nuna."

Ya je kuwa, ya kaɗa da rana tsaka a gaban jama'a, har da masu furfura suna rawa ba takalmi. Ina zaune kusa da Ebbe a layin gaba. Bai tafa ba, don ba zai iya ba. Idonsa na kan hannun Torvald tun farko har ƙarshe, haɓarsa a ɗaure, yatsunsa na ɗan motsi a kan cinya. Na ji tausayinsa har cikin raina.

A mota muna komawa na tambayi yayana ko ya lura da fuskar Ebbe. Ya ce ita yake kallo tun da ya hau dandamali.

"Bai ba ka tausayi ba?"

Idonsa na kan hanya.

"Ƙanwata, tafin nan duk ban ji shi ba," ya ce. "Kallon nan da yake yi mini, shi na zo karɓa."